Yadda Ake Gina Peugeot 504 ta Tseren Safari a Wasan Tuƙi na Kwamfuta

Motar da ake sakawa a wasan tuƙi mai kwaikwayon zahiri, irin su Assetto Corsa, kashi biyu ce. Akwai surar da ido ke gani, akwai kuma lambobin da ke juya ta: nauyi, ƙarfin inji, giya, sifirin, taya. Wasan bai san kyan bodi ba, lambobin kawai yake karantawa. Shi ya sa za ka ga mota ta yi kyau kamar a ɗauka a gudu, amma da an sha kwana sai ta yi kamar amalanke. Aikin gaskiya yana wajen awo, kuma a nan ne mutumin Kano ya fi maginin da ke zaune a Turai sa'a, in dai motar da zai gina Peugeot 504 ce.

Fijo 504 ta fito a Faransa a 1968, an kuma fara harhaɗa Peugeot a Kaduna a 1975. A wannan shekarar ce Ove Andersson da abokin tafiyarsa Arne Hertz suka ci tseren Safari na Kenya da 504 mai ƙofa huɗu. A 1978 Fijo ta sake ci a hannun Jean-Pierre Nicolas, amma da 504 mai ƙofa biyu da injin V6. Kada ka haɗa su. Mai ƙofa biyun jikinta daban ne gaba ɗaya, tazarar da ke tsakanin tayarta ta gaba da ta baya milimita 2,550 ce, ta mai ƙofa huɗun kuwa 2,740. Ta 1975 za mu gina, domin 'yar'uwarta tana nan a garejojin gari, za ka iya taɓa ta da hannu.

Kayan aiki

Kwamfuta mai katin hoto na daban da ƙwaƙwalwar aiki giga 16 ta isa. Giga 8 ma za ta yi amma da haƙuri. Manhajoji: Blender don gina sura, fSpy don daidaita tsofaffin hotuna, Meshroom don fitar da sura daga hotunan waya, GIMP don fenti, duk kyauta ne. Meshroom yana son katin Nvidia kafin ya kammala aikinsa. Shi kansa Assetto Corsa yana zuwa da jakar sdk, a ciki akwai ksEditor, manhajar da ke shirya sura ta shiga wasan, da motar misali mai suna formula_k wadda fayilolinta a buɗe suke. A gareji kuma kana bukatar tef na mita 5, lebur ɗin magina, igiya mai ɗan ƙarfe a baki don sauke maki ƙasa, alli, ma'aunin kauri irin na masu yankan ƙarfe, jak da abin tokare mota, da buhun siminti huɗu. Ka kunna ajiya ta kai-da-kai a Blender duk minti biyu, saboda ɗaukewar wuta.

Awo a gareji

Nemi bakanike mai 504 a hannu, ka gaya masa abin da kake so dalla-dalla, ka biya shi ladan lokacinsa. Tsofaffin masu Fijo na wajen Ƙofar Ruwa sun san motar nan ciki da bai, kuma sau da yawa kallo ɗaya za su yi su ce maka wannan bakaksul ɗin ba nata ba ne. Wannan bayanin ya fi duk wani zane da za ka sauko da shi daga intanet.

A ajiye motar a daɓen siminti mai lebur, iskar tayoyi daidai, but babu kaya. Sauke igiya daga tsakiyar kowace taya ka yi maki da alli a ƙasa. Sauke daga bakin bamba gaba da baya, da gefe da gefe a inda jiki ya fi faɗi. A tura motar gefe, sai ka auna tsakanin makunan. Ya kamata ka samu kusan milimita 2,740 tsakanin tayoyin gaba da na baya, tsawo kusan 4,490, faɗi kusan 1,690. Auna kuma a karkace, daga tayar gaba ta hagu zuwa ta baya ta dama, sannan akasin haka. In awon biyun ya bambanta da fiye da santimita ɗaya, motar ta taɓa yin hatsari, ta karkace. Za ka iya ɗaukar awon inji da giya a jikinta, amma sura sai ka nemi wata.

Daga nan sai ƙarƙashi, inda mafi yawan magina ke yin kasala. A ɗaga motar, a tokare ta da kyau, kada ka taɓa shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Duk inda ƙarfen ƙafa ya haɗu da jiki ko da taya, sauke igiya ka yi maki, ka rubuta lambobi uku: nisansa daga tsakiyar mota, tsayinsa, da nisansa gaba ko baya daga tsakiyar taya. Tsayin kuwa sai an sauke motar ta zauna a kan tayoyinta za ka auna, domin a rataye ƙafafun sun zube ƙasa. A gaba 504 tana da shokazoba mai sifirin a jikinsa, wanda samansa ke ɗaure a ƙarƙashin bonet. Auna wannan maɗaurin na sama, da bolojen na ƙasa, da bakin tayarod ciki da waje. A baya ka buɗe ido sosai. Akwai 504 mai ƙafafun baya masu cin gashin kansu, kowace taya da hannunta, akwai kuma mai bakaksul guda ɗaya miƙaƙƙe, irin wanda ake gani a wagon da a-kori-kura da wasu salun. Tuƙinsu ba ɗaya ba ne ko kusa. Ka gwada abin da ka gani da hotunan motar tsere, musamman waɗanda aka ɗauka tana sama bayan ta hau tudu: in tayoyin baya sun langaɓe kowace ta yi nata gefen, masu cin gashin kansu ne, in sun tsaya a miƙe tare, bakaksul guda ne.

Sifirin ba ya bukatar a kwance shi. Auna daga tsakiyar wili zuwa bakin mudugad a tayoyin gaba biyu. Ɗora buhun siminti huɗu, kilo 200 ke nan, daidai saitin tayoyin gaba, a kan katako da tsumma don kada bonet ya lotsa. Girgiza motar sau uku ta zauna, domin tsohon shokazoba yana cijewa, sannan ka sake aunawa. Kowace taya ta ɗauki kilo 100, wato niyutan 981. A ce ta sauka milimita 45: raba 981 da 45, ka samu kusan 21.8 a kowace milimita, wato 21,800 a mita. Dalilin auna wa daga tsakiyar wili shi ne don kada lotsawar taya ta shiga lissafi. Maimaita a baya da buhunan a cikin but, saitin tayoyi.

Giya ma haka. A wasu motoci ana ƙirga juyin furofela, amma ta 504 a cikin bututu take, ba a ganinta. Don haka a cire fulogogi, a yi makin alli a fulin gaban inji da kuma jikin taya, a sa giya ta ɗaya, mutum biyu su tura motar a hankali. Ƙirga juyin fuli yayin da taya ta yi juyi 10, ka raba da 10. Yi wa kowace giya haka har da ribas. Ƙirga kuma juyin sitiyari daga ƙarshe zuwa ƙarshe.

Nauyi sai a sikelin manyan motoci, irin waɗanda ake samu a unguwannin masana'antu kamar Sharaɗa da Bompai. Hau da tayoyin gaba kaɗai, sannan na baya kaɗai, sannan duka. Irin wannan sikelin yana tsallake da kilo 10 ko 20, ba don ƙaramar mota aka yi shi ba, amma ya isa ya ba ka rabon nauyin gaba da baya.

Hotuna

Meshroom yana neman tabo da ɗigo a jikin abu don ya gane shi daga hoto zuwa hoto. Fenti mai sheƙi da gilashi suna ruɗa shi, saboda abin da ke haskawa a ciki yana tafiya tare da kai. Don haka kada a wanke motar. Lokacin hunturu ya fi kowane lokaci: ƙura ta kashe sheƙin fenti, hazo ya tausasa rana, babu inuwa mai kaifi. Da safe bayan gari ya waye sosai, zagaya motar sau uku, a tsugune, a tsaye, da kuma a kan benci, kana ɗaukar hoto duk taku ɗaya. Hoto 200 zuwa 300. Kulle haske da saitin kyamarar waya, kada ka yi zum, kada kowa ya jingina da motar. Ajiye tef a buɗe a ƙasa, mita 2 cif, ya fito a hotunan; da shi za ka daidaita girma daga baya.

Abin da zai fito zai yi kama da motar da aka gina da laka, ƙuraje ko'ina, ramuka a wurin gilashi. Ba shi za ka saka a wasa ba. Ma'auni ne kawai da za ka ɗora naka ginin a kai.

Gini a Blender

Saita awo a mita. Fara da tayoyi huɗu a wurarensu bisa awonka, kafin komai. Taya mai lamba 175/80 R14 lissafinta haka yake: inci 14 milimita 355.6 ne, rabinsa 177.8, ƙara kashi 80 cikin 100 na 175, wato 140, ka samu 317.8 daga tsakiya zuwa baki. Wilin 504 goro huɗu ne a da'irar milimita 140. In tayoyi suka zauna daidai, duk kuskuren jiki zai tona kansa.

Gina rabin mota kawai, ka bar Mirror, madubin Blender, ya cika ɗaya rabin. Wannan yana maganin aikin fanalbita na shekara da shekaru: zaɓi gefen da bai sha guduma ba. Fara da layukan da ke ba motar kamanninta. A 504 su ne fitilun gaba masu kusurwa a karkace, layin da ya bi gefe daga gaba zuwa baya, da but ɗin nan da ya miƙe sannan ya karye ya gangara. In karyewar but ɗin ta kauce da santimita biyu, duk wanda ya taɓa shiga tasi daga Kano zuwa Zariya zai ce wannan ba Fijo ba ce, ko da bai iya faɗin inda matsalar take ba. Raga ta zama mai gida huɗu-huɗu, layukanta su bi lanƙwasar ƙarfe. Kowane ɓangare daban: ƙofofi, bonet, but, gilasai. Bar tsagar milimita 4 zuwa 5 tsakaninsu, ka ɗan dakushe kowane baki, domin ƙarfen mota ba shi da kaifin reza, kuma dakushin ne ke kama haske.

Sai a mai da ita motar tsere, kuma nan ne fSpy ke shigowa. Tattara hotunan motar 1975 ɗin kanta, ka tabbatar lambar da ke ƙofa ɗaya ce a duka, domin motocin ƙungiya ɗaya ma sukan bambanta a wurin fitila da rubutu. A fSpy ka ja layuka bisa abubuwan da ka san a miƙe suke, ya fitar maka da matsayin kyamara, ka shigo da shi Blender, sai hoton ya hau kan gininka. Daga nan ka ga nawa aka ɗaga motar, ina ƙarin fitilu suke, ina farantin kare ƙasan inji ya tsaya, yaya ƙarafan kariya na ciki suka bi. Abin da hoto bai nuna ba kada ka ƙirƙira don ado. Motocin da aka gyara daga baya ake kai su baje koli su ma a yi hattara da su. Sau da yawa kujeru da bel da tayoyinsu na zamani ne.

Sura ta farko, wadda ake gani a kusa, alwatika 150,000 zuwa 250,000 har da ciki sun wadatar. Yi ƙanananta uku don nesa, kamar 25,000, da 10,000, da 3,000, ka jera su a lods.ini. Abu guda kada ya wuce maki 65,535, in ya wuce ba zai shiga kn5, fayil ɗin surar da wasan ke karantawa, lafiya ba. Raba shi biyu.

Sunaye doka ne. WHEEL_LF, WHEEL_RF, WHEEL_LR, WHEEL_RR don tayoyi, SUSP_LF da 'yan'uwansa don ƙafafu, STEER_HR don sitiyari, COCKPIT_HR don ciki. Harafi ɗaya ya kauce, wasan ya rufe kansa ba bayani. Cibiyar kowace taya ta zauna a tsakiyarta cif, in ba haka ba za ta riƙa rawa kamar wilin da ya lanƙwashe. Cibiyar sitiyari ta kwanta daidai da kwanciyar sandarsa. Blender yana ɗaukar Z a matsayin sama, wasan kuma Y ne sama, Z gaba, don haka ka duba wannan wajen fitar da FBX, fayil ɗin da ke kai sura daga Blender zuwa ksEditor, bayan ka danna Ctrl+A ka tabbatar da girma da juyi. Motar da ta fito a kwance, ko ta fito ninki ɗari, daga nan matsalarta take. A ksEditor ka ba kowane abu irin fatarsa, taya ksTyres, gilashin gaba ksWindscreen, hotunan fenti kuma a tsarin DDS.

Lambobi

Kwafi jakar data ta formula_k, ka canza komai layi-layi. A car.ini, TOTALMASS nauyin mota ne har da direba, ban da mai. Tunda motar Safari mutum biyu take ɗauka, ƙara na biyun, da tayoyin safaya da kayan gyara da ƙarafan kariya. INERTIA lambobi uku ne na wani akwati, faɗi da tsayi da tsawo, wanda wasan ke amfani da shi ya san wahalar juya motar. Masu son mota ta yi sauƙin kwana sukan rage tsawon, sai babbar salun ta koma juyi kamar keken guragu. Bar shi kusa da girman motar na gaske.

A suspensions.ini, WHEELBASE 2.74 ne. CG_LOCATION rabon nauyin gaba ne: in sikeli ya ba ka 640 a gaba cikin 1,200, ka rubuta 0.533. BASEY shi ne ya fi kayar da mutane. Rabin tsayin taya ne a cire tsayin cibiyar nauyi, kuma yana fitowa da alamar ragi. A ce ka ƙiyasta cibiyar nauyi a mita 0.56, taya 0.318, sai ka rubuta -0.242. Motar tsere da aka ɗaga, nata ya fi haka. In ka sa shi kusa da sifili, motar ba za ta kwanta a kwana ba, ba za ta dunƙura da birki ba, ta tashi daga 504. Gaba ka zaɓi STRUT. Baya, in bakaksul guda ne AXLE. In masu cin gashin kansu ne, wasan ba shi da irinsu kai tsaye, sai a kwaikwaye su da DWB, wato ƙafa mai hannu biyu, sama da ƙasa, a jera makunan yadda taya za ta bi hanyar da take bi a zahiri. Makunan duk daga tsakiyar taya ake lissafa su, ba daga tsakiyar mota ba. Awon simintinka na motar titi ne. Ta tsere ta fi tauri, amma ka fara da wanda ka auna, ka tabbatar motar titin ta yi daidai, sannan ka ƙara. Mai gina ta tsere kai tsaye ba shi da abin da zai gwada aikinsa da shi.

Fayil ɗin power.lut sunansa yana yaudara. Ba ƙarfin doki ake rubutawa ba, ƙarfin murɗawa ne a kowane juyin inji. Injin mai lita biyu na 504 cc 1,971 ne. A ce takardar da ka samu ta nuna doki 100 a juyi 5,200: doki 100 kilowat 73.5 ne, ninka da 9,549, raba da 5,200, ka samu 135. Cire kamar kashi 13 cikin 100 na abin da giya da bakaksul ke ci, saura 117, sai ka rubuta 5200|117. Wanda ya zuba lambar doki a nan zai samu motar da ba ta da ƙarfi a ƙasa, ta haukace a sama. Ka kuma lura ko takardar ta injin kafireta ce ko ta mai injekta, domin 504 ta zo da duka biyun.

Taya kuwa, gyara RADIUS da WIDTH su dace da naka, ka rage riƙo ƙasa da na tayar zamani, gefenta ya yi laushi. Kada ka taɓa ƙara riƙon taya don ɓoye matsalar ƙafa.

Gwaji

Fara da mota a tsaye. In tana rawa ko tana tsalle ita kaɗai, ko dai makunan ƙafa biyu sun hau kan juna, ko akwatunan colliders.ini sun taɓa ƙasa. In ta nutse ko ta yi sama, gyara ROD_LENGTH har tsayinta ya yi daidai da hoto. In kuma jiki ne kawai ya kauce daga tayoyi, GRAPHICS_OFFSET ne a car.ini. Sai giya: in jimillar giya ta huɗu da ka auna 3.9 ce, a juyi 3,000 taya tana yin 769 a minti, kowane juyi kusan mita 2, don haka allo ya nuna kusan kilomita 92 a awa. In ya nuna 110, koma drivetrain.ini. Sai birki daga kilomita 80 a miƙe: in baya ya riga gaba kullewa motar ta juya, ƙara FRONT_SHARE a brakes.ini. Sai da'ira a fili da giya ta biyu, kana ƙara wuta a hankali, ka ɗauki hoton yadda ta kwanta ka gwada da tsofaffin hotunan kwana.

Canza lamba ɗaya kawai a kowane gwaji, ka rubuta abin da ka canza a littafi. Assetto Corsa don kwalta aka yi shi, don haka a kwalta za ka tantance motar. Laka da burji sai an ƙara masa Custom Shaders Patch, wani ƙarin manhaja da ake ɗora wa wasan, da hanyar da aka gina don haka. In ka gama, zaunar da bakaniken nan ko wani tsohon direban Fijo a gaban sitiyarin kwamfuta, ka ce masa, "Baba, taɓa mana ka ji." Kada ka yi masa bayanin komai. In ya ce sitiyarin ya cika sauri, duba STEER_RATIO da juyin da ka ƙirga. In ya ce bayanta ba ya zama, koma kan shokazoban baya da makunan DWB. Sura ko sauti da aka ciro daga wani wasa kada su shiga aikinka, kuma tunda suna da tambarin na kamfanin Peugeot ne, ka raba motar kyauta, ka haɗa da takardar awonka domin wanda zai gyara bayanka ya san inda kowace lamba ta fito.